Gambarar Zamani a Bakin Falasɗinawa: Da Wane Harshe, Kuma Ga Wa?

Waƙar nan da Turawa ke kira hip hop, wadda jaridun Hausa suka laƙaba wa sunan gambarar zamani, ta samu ne a unguwar Bronx ta birnin New York, a tsakanin baƙar fatar Amurka da baƙin da suka zo daga tsibiran Karibiyan. Masu rubuta tarihinta sun fi ƙirga mafarinta daga wani biki da makaɗi Kool Herc ya yi a watan Agusta na 1973. Siffarta ba ta da wuyar faɗa. Mawaƙi ba ya jan murya yadda a ke yi a sauran waƙoƙi, sai dai ya jero magana mai ƙafiya bisa wani kiɗa da ke maimaita kansa, bugu huɗu huɗu. Sai da aka yi kamar shekara 25 kafin samarin Falasɗinawa su ɗauke ta. Maƙasudin wannan takarda shi ne ta nuna cewa tun daga farko babbar matsalar waɗannan samari ita ce ta harshe, watau da wane harshe za a yi waƙar, domin zaɓen harshe a wurinsu zaɓen mai sauraro ne.

Kafin a fahimci haka sai an tuna da yadda jama'ar ta rarrabu. A yaƙin 1948 Falasɗinawa fiye da 700,000 suka bar gidajensu, waɗansu a guje, waɗansu kuwa korarsu aka yi. Waɗanda suka saura a cikin sabuwar ƙasar Isra'ila suka zama 'yan ƙasarta, amma a ƙarƙashin mulkin soja suka zauna har 1966. Zuriyarsu ta kai kamar kashi ɗaya cikin biyar na mutanen ƙasar, suna jin Ibrananci, suna aiki da shi a ofis da jami'a. Waɗansu kuma suna Gaɓar Yamma ta Kogin Jodan da Zirin Gaza, wuraren da Isra'ila ta mamaye a 1967. Akwai na sansanonin gudun hijira a Labanan da Siriya da Jodan, akwai kuma na can nesa, a Turai da Amurka, waɗanda 'ya'yansu da yawa sun fi sakewa da Turanci ko Faransanci. Jama'a ɗaya ce, amma kowane ɓangare da irin takardar shaidar da ya ke riƙe da ita, da irin hukumar da ya ke tsoro.

Abin mamaki, ba a Gaza ko a sansani waƙar ta fara kafuwa ba. A Lidda ta fara, garin da Larabawa ke kira Ludd, Yahudawa kuwa Lod, wanda ke dab da babban filin jirgin saman Isra'ila. A watan Yuli na 1948 aka fitar da yawancin mutanen Lidda da na maƙwabciyarta Ramla, dubbai barkatai, suka nufi gabas a ƙasa. 'Yan kaɗan suka rage, daga baya waɗansu Larabawan suka zo daga wurare dabam dabam suka zauna a gefen gari, kusa da hanyar jirgin ƙasa, a unguwannin da hukuma ba ta ba da izinin gini a cikinsu ba, ta kan kuma zo ta rushe. A shekarun 1990 sunan Lidda ya ɓaci da cinikin ƙwaya da harbe-harbe.

A nan aka haifi Tamer Nafar a 1979. Shi da kansa ya sha faɗa cewa waƙoƙin Tupac Shakur, baƙin Ba'amurken nan da aka harbe a 1996, su ne suka ja hankalinsa, domin unguwannin da ya gani a hotunan waƙoƙin, da 'yan sanda da talauci da ƙwaya, sai ya ga kamar Lidda a ke nunawa. Ya koyi Turanci ta hanyar bin kalmomin da ƙamus a hannu, kuma da Turanci ya fara waƙa. Wajen 1999 ya haɗu da ƙanensa Suhell da abokinsu Mahmud Jreri suka kafa ƙungiyar da suka kira DAM. Sunan kansa da harshe uku ya ke magana. A Turanci haruffan farko ne na wani kirari mai nufin su mawaƙan Larabawa ne. A Larabci yana kusa da kalmar da ke nufin dawwama. Da Larabci da Ibrananci duka kuwa, dam shi ne jini.

Turancin bai daɗe ba. Ba kowa ke jinsa a unguwa ba, kuma kwaikwayo ne tsantsa. Da ya ke a lokacin gidajen rawa na Tel Abib ne kaɗai wurin da irin wannan waƙa ke da kasuwa, sai suka koma Ibrananci, har Tamer ya yi abota da wani mawaƙin Bayahude mai suna Subliminal, suna hawa dandali tare. Abin da su ke waƙa a kai a wannan zango shi ne ƙwaya da zaman unguwa. Siyasa ba ta shigo sosai ba tukuna.

Watan Oktoba na 2000 ne ya sāke al'amarin. Intifada ta biyu ta ɓarke a Ƙudus da yankunan da aka mamaye, Larabawan cikin Isra'ila suka fito zanga-zangar goyon baya, 'yan sanda suka harbe mutum 13, 12 daga cikinsu 'yan ƙasa ne. Hukumar binciken da alƙali Or ya shugabanta ta ba da rahotonta a 2003, ta soki 'yan sanda, ta kuma yarda cewa an daɗe ana tauye Larabawan ƙasar, amma ba a gurfanar da ko ɗan sanda ɗaya ba. Amsar farko da Tamer ya bayar da Ibrananci ya ba da ita. Wannan abin lura ne ƙwarai. Mai waƙa da Ibrananci ba danginsa ya ke wa magana ba, gama su sun riga sun san abin da ya faru. Maƙwabcinsa Bayahude ya ke kai wa ƙara, yana kuwa sa ran za a saurare shi. Har wani shahararren mawaƙin Isra'ila, Aviv Geffen, ya sa murya a wani sabon zubi na waƙar.

A watan Yuni na 2001 wani ɗan ƙunar baƙin wake ya kashe mutum 21 a ƙofar wani gidan rawa a Tel Abib, yawancinsu matasa. Abotar Tamer da Subliminal ta lalace a wannan yanayi, kowa ya koma ɓangarensa, kamar yadda Anat Halachmi ta nuna a fim ɗinta na 2003 da ta bi su biyun da kyamara. A shekarar 2001 ɗin DAM suka fitar da waƙar da ta ɗaga sunansu, Min Irhabi, watau wane ne ɗan ta'adda, wannan karon da Larabci. Ba wani kamfanin faifai da ya ɗauke ta. Ta intanet ta bazu, samari suna kwafa suna miƙa wa juna, har ta kai Gaza da Bairut da ƙasashen Turai. Daga nan ne Larabawan waje da yawa suka fara sanin cewa akwai Falasɗinawa a cikin Isra'ila masu irin wannan kuka, domin a da waɗansu kallon waɗanda suka miƙa wuya a ke yi musu.

Ba a ce sun yi watsi da Ibrananci ɗungum ba. A 2004 sun yi wata waƙa a kan rushe gidaje da halin unguwannin Lidda, suka zuba ta da harsunan biyu, Juliano Mer-Khamis ya shirya hotonta. Amma faifansu na farko, Ihda, wanda ya fito a 2006, Larabci ne ya rinjaye shi, haka kuma waɗanda suka biyo baya a 2012 da 2019.

To, amma wane Larabci? A nan ne zancen ya fi shafar masu nazarin waƙa. Falasɗinawa suna da waƙa iri biyu tun kafin zuwan gambara. Akwai rubutacciya, wadda a ke yi da fusha, Larabcin littafi, ko dai bisa ma'aunan aruli 16 da aka gada tun daga Halilu ɗan Ahmadu da almajirinsa, ko kuwa bisa sassaucin da mawaƙan ƙarni na 20 suka kawo. Ita ce waƙar Ibrahim Tuƙan da Mahmud Darwish da Samih al-Ƙasim da Taufiƙ Zayyad, kuma a zamanin mulkin soja mutane kan taru a ƙauyukan Galili domin su ji ana karanta ta. Sa'an nan akwai ta baka, zajal, wadda a ke yi da harshen gida. A bikin aure mawaƙa biyu kan tsaya suna ja-in-ja, wannan ya jefo baiti nan take, wancan ya mayar masa bisa ƙafiya ɗaya, maza sun yi sahu suna tafi suna amshi. Wani reshenta, ataba, ɗango huɗu gare shi: uku na farko su ƙare da lafazi ɗaya mai ma'ana uku dabam dabam, na huɗu ya rufe da wata ƙafiya ta daban. Ita ma wannan waƙa ta taɓa siyasa, gama Nuhu Ibrahim na Haifa, wanda aka kashe a 1938 a lokacin tawaye ga Ingilishi, da harshen gida ya yi waƙoƙinsa.

Masu gambara harshen gida suka ɗauka, kuma akwai dalili na sana'a ban da na siyasa. Fusha tana ɗauke da wasulan i'irabi a ƙarshen kalma, ma'auninta kuwa bisa tsawo da gajartar gaɓa ya ke. Kiɗan gambara ba ruwansa da wannan. Shi nauyin murya ya ke nema, a sauke shi daidai kan bugu. Harshen gida ya yar da wasulan ƙarshe, kalmominsa sun gajarce, da yawa sun ƙare da baƙi, sabo da haka sun fi saukin cusawa tsakanin bugu da bugu. Bugu da ƙari, ginin kalmar Larabci bisa tushe da sikeli ya sa kalmomi masu sauti ɗaya sun yi yawa, mawaƙi na iya jero ƙafiya a tsakiyar ɗango da ƙarshensa ba tare da ya ƙure ba. Wannan sauƙi kuwa tarko ne ga rago, domin ƙafiyar da ta zo a banza ba ta burge kowa.

Harshen gidan ma ba ɗaya ba ne. A ɗauki kalmar zuciya, wadda a littafi a ke rubutawa da harafin ƙaf. Mutumin birni, na Lidda ko Akka ko Ƙudus, ya kan haɗiye ƙaf ɗin ya ce alb. Baƙauyen tsakiyar ƙasa ya ce kalb, shi kuwa kaf na asali ya mai da shi c, don haka ba ya rikita zuciya da kare. Makiyayi da yawancin mutanen Gaza su ce galb. Ashe ke nan da mawaƙi ya buɗe baki an san garinsu, wani lokaci har da irin gidan da ya fito. Rubutacciyar waƙa ta kan ɓoye wannan, gambara kuwa fallasa shi ta ke yi. Ga jama'ar da shinge ya raba, jin karin harshen wani yanki a cikin waƙa ba ƙaramin abu ba ne.

Sau da yawa a kan ji masu sharhi suna cewa gambarar Falasɗinawa zajal ce ta sāke riga. Maganar tana da daɗin ji, amma ba ta tsaya da ƙafafunta ba. Waɗanda suka fara abin daga faifan Amurka suka koya, ba daga mawaƙan biki ba, kuma tsarin da su ke bi, na baiti mai layi 16 da amshi a tsakani, na Amurka ne. Abin da za a iya cewa da gaskiya shi ne kunnen masu sauraro ya riga ya saba da gasar baki da harshen gida, don haka baƙuwar ba ta zo musu da baƙunta ƙwarai ba. Kusantar gargajiya daga baya ta zo, da gangan kuma aka yi ta, sa'ad da aka fara sa garayar Larabawa da sarewa da kiɗan rawar dabka a ƙarƙashin magana. Faifan DAM na 2012 ma da sunan dabka aka raɗa masa suna. Darwish kuwa bai fita daga zancen ba. A watan Satumba na 2016, a bikin ba da kyautar finafinan Isra'ila, ministar al'adu Miri Regev ta tashi ta fita daga zauren sa'ad da Tamer da wani abokinsa Bayahude suka karanta wani yanki na waƙar Darwish.

Daga Lidda da Akka abin ya yaɗu, kowane wuri da irin launin da ya ba shi. A Gaza waɗansu samari suka kafa ƙungiyar PR a farkon shekarun 2000. Fim ɗin Jackie Salloum, Slingshot Hip Hop, wanda aka fara nunawa a bikin Sundance na 2008, ya nuna yadda su da DAM suka san juna ta waya da intanet, suka daɗe suna neman haɗuwa ba hali, alhali tsakanin Lidda da Gaza bai kai kilomita 80 ba. Bayan Hamas ta karɓi Gaza a 2007, aka kuma rufe zirin, wahalar ta zama biyu: ba fita, a ciki kuma mahukunta ba su sakin fuska ga irin wannan taro. A sansanin Burj al-Barajna na Bairut ƙungiyar Katiba 5 ta yi waƙa a kan zaman sansani da hukumomin agaji. A Ramalla kuwa ƙungiyar Ramallah Underground ta fi mai da hankali ga sarrafa sauti da na'ura, har mawaƙan gogen nan na Amurka, Kronos Quartet, suka sa wani aikinta a faifansu na 2009. Shadia Mansur, wadda aka haifa a Landan a 1985, ta zaɓi akasin abin da a ke zato. Turanci ne harshen garin da ta tashi, amma da Larabci ta ke waƙa, sanye da doguwar rigar Falasɗinawa mai ɗinkin hannu.

Waƙa da harshen gida tana da wani sakamako da ba a cika lura da shi ba. In kana magana da naka, dole wata rana ka faɗi laifinsu. Fim ɗin Salloum ya nuna wata mawaƙiya ta Lidda da dangi suka hana ta hawa dandali. A 2012 DAM, tare da mawaƙiya Amal Murkus, da taimakon hukumar mata ta Majalisar Ɗinkin Duniya, suka fitar da waƙa a kan kashe 'yan mata da sunan kare mutuncin gida. Sai malamai biyu, Lila Abu-Lughod da Maya Mikdashi, suka rubuta suka a mujallar Jadaliyya, suna cewa waƙar ta ware laifin daga mamaya da talauci, ta mai da shi halin Larabawa kawai, irin abin da baƙi ke son ji. DAM suka mayar da martani cewa da Larabci suka yi ta, don mutanensu, kuma ba sa neman izinin kowa kafin su yi zancen abin da ke faruwa a unguwarsu. Kowane ɓangare yana da abin kamawa. Amma in an duba, gardamar duka a kan mai sauraro ta ke, gama su malaman hoton da aka fassara wa duniya suka gani, mawaƙan kuwa 'yan unguwa su ke hange. Bayan 'yan shekaru Maysa Daw ta Haifa ta shiga ƙungiyar, zancen mata ya ƙara ƙarfi a faifansu na 2019.

Samarin da aka haifa wajen yarjejeniyar Oslo ta 1993, waɗanda Sunaina Maira ta rubuta littafi a kansu a 2013, sun zo da wani hali dabam. Shabjdeed, ɗan Kafr Aƙab, unguwar da ke cikin iyakar birnin Ƙudus a takarda amma katangar da aka fara ginawa a 2002 ta bar ta a waje, ya fitar da faifansa Sindibad al-Ward a 2019 tare da makaɗi Al Nather, a ƙarƙashin kamfaninsu na Ramalla, BLTNM. Kiɗan mai nauyi ne, irin na tirap da ya fito daga Atlanta. Maganar kuwa cike ta ke da saye da karin 'yan unguwa, har Balaraben wata ƙasa ya kan rasa kanta. DAM na farko bayani su ke yi, suna kafa hujja kamar masu tsayawa gaban alƙali. Waɗannan ba su damu da a gane su a waje ba, kuma hukumar Falasɗinu ta Ramalla ba ta fi ƙarfin habaicinsu ba. Duk da haka waƙar Inn Ann, wadda Daboor na Ƙudus ya yi tare da Shabjdeed, ta fito dab da rikicin unguwar Shaikh Jarra na watan Mayu 2021, sai ga ta a bakin matasa daga Ƙudus har Haifa da Amman. A wannan watan ne kuma aka sa dokar ta-ɓaci a Lidda kanta.

Turancin da Tamer ya ajiye ya dawo ta wata ƙofa. A 2020 wani yaro ɗan shekara 11 a Gaza, Abdurrahman al-Shantti, wanda aka fi sani da MC Abdul, ya tsaya a gaban makarantarsu cikin 'yan ajinsu ya yi gambara da Turanci garau, hoton ya zaga duniya, daga bisani kamfanin Empire na San Francisco, wanda wani Ba'amurke ɗan asalin Falasɗinu ya kafa, ya ɗauke shi. Nasa Turancin ba na kwaikwayo ba ne kamar na 1998. Yaron da ba ya iya fita daga zirin ya san sarai su wa ya ke so su ji shi. Marwan Abdulhamid kuma, mai laƙabin Saint Levant, an haife shi a Ƙudus a 2000, ya yi ƙuruciya a Gaza har 2007, sa'an nan iyayensa suka koma Amman. Ya yi suna a 2022 da waƙar soyayya mai gauraya Turanci da Faransanci da Larabci. Mahaifinsa ne ya gina masaukin baƙi na Deira a bakin tekun Gaza, wanda aka rushe a yaƙin da ya ɓarke a watan Oktoba na 2023. A 2024 ya sa wa faifansa sunan masaukin. A waƙar da ke ɗauke da sunan, shi ya rera da Larabci bisa kiɗan sha'abi na Aljeriya, ƙasar dangin mahaifiyarsa, MC Abdul kuwa, wanda yaƙin ya tarar da shi a Amurka, ya shigo da baitinsa da Turanci.